Madubin da Ba a Kife Ba

Amadu mai gadi ya tare ƙofar lekkol, makarantar boko, da jikinsa, ya ce sai an buɗe buhun. Illo ya ce ba bam ya ɗauko ba. Amadu ya ce ya sani, amma tun jiya da aji ya kama wuta mudir, shugaban makarantar, ya ce ko buhun dabino ne a duba shi. Illo ya kwance bakin buhun, ya zaro kwanon fitilar kamyo, babbar motar kaya, wanda ke zama bayan ƙwan fitila yana tura haske gaba, cikinsa yana ƙyalli kamar sabuwar tasa. Ya nuna masa, ya mayar da shi a kife.

Amadu ɗan ƙasar ne, mutumin Tazrouk, amma ya yi ƙuruciyarsa a Agadas, Hausar bakinsa ba ta da laifi. Ya dubi Zuhura da ke tsaye bayan ubanta tana murza bakin hijabi, ya rage murya, ya ce wa Illo ya sa hannu a takardar da aka aika masa kawai ya tafi da 'yarsa. Mudir ba mugu ba ne, amma tun jiya ake ta buga masa waya daga sama, kuma wanda zai ɗora wa laifin yake nema.

"Ya nemi wani," in ji Illo. "Tawa ba za ta ɗauka ba."

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Jiya da aka tashi cin abincin rana, labulen ajin su Zuhura ya kama wuta, ya ci taswira da littattafan yara da ke kusa, kafin Amadu ya iso da bokiti. Zuhura ce ta ƙarshen fita daga ajin. Da aka zazzage jakarta aka sami birke, ɗan abin ƙyasta wuta. Birken na uwarta ne, Gwamma, mai suyar fanke a bakin Kasuwar Assihar, kuma Zuhura ce ke kunna mata gas kowace safiya kafin ta wuce lekkol. Ba wanda ya tambaye ta wannan. Aka haɗo ta da takarda, uba ya zo ya sa hannu cewa 'yarsa ta sa wuta, a kore ta cikin rufin asiri, in ya ƙi a kira 'yan sanda.

Illo bai iya karatu ba, na boko ko na Larabci. Zuhura ce ta karanta masa takardar korarta da bakinta. Bai daka mata tsawa ba. Ya tambaye ta me suka yi a ajin da safe, ta ce darasin madubi: ustaz ya kawo shimfiɗaɗɗe da kuma wani mai zurfi kamar kwano. Ya ce ina aka ajiye mai zurfin da aka tashi. Ta ce bai shiga kabad ba. Daga nan bai ƙara tambayar ta komai ba.

Shekararsa goma sha tara a Tamanrasset yana gyaran fitilun mota a wani garaj bayan kasuwa. Garajin doka ɗaya gare shi wadda ko maigida ba ya karyawa: kwanon fitila ba a barin sa yana kallon sama. Ka cire, ka goge, ka kife. Illo da kansa ya taɓa ƙona kujerar wata mota kat-kat a shekararsa ta farko, ya kuma ajiye tabo a cinya da har yau gashi bai fito a wurin ba.

Mudir ya bar su tsaye a buro, ofishinsa. Mutum ne mai tsabta, da madubin ido rataye a wuya, kuma ya zaɓi ya yi magana da Larabcin littafi wanda Illo ba ya kamawa, sai da aka kira Amadu ya fassara. Ya ce yarinyar tana da ƙoƙari, shi ya sa ba ya son abin ya kai ga hukuma. Sannan, kamar wanda ya tuna wani abu a hanya, ya tambayi Illo ko katin zamansa yana da rai.

Katin ya mutu wata huɗu da suka wuce. Abin da ke aljihun Illo 'yar takardar jira ce, wadda wani ɗan sanda kan karɓa ya mayar, wani kuwa ya yi mata dariya. Ya ga maƙwabta da aka kwashe da mota aka kai bakin iyaka da kayan jikinsu kaɗai. Ya san abin da tambayar ke nufi, kuma ya san mudir ya san ya sani.

Illo ya ce wa Amadu ya gaya wa mudir katin yana nan inda yake, shi maganar rana ce ta kawo shi. Ya fita tsakar gida ba tare da an ba shi izini ba, ya zaro kwanon fitila, ya soka ɗan tsumma a waya ta ramin ƙwai, ya juya bakin kwanon ga rana. Lokacin sanyi ne, iska na yankan kunne, amma rana tas take. Kafin mudir ya gama sa madubin idonsa tsumma ya fara hayaƙi.

Mudir ya ce ya gani, abin sha'awa ne. Amma wannan ƙarfen mota ne, kuma a fili. Nasu kayan koyarwa ne, a cikin ɗaki. Ya sa aka kira malamin.

Ustaz Abdurrazak saurayi ne daga can arewa bakin teku, bana aka turo shi. Ya zo da alli a hannun riga, idonsa ja kamar bai yi barci ba. Mudir ya tambaye shi ko madubin ajin zai iya ƙona labule. Ya ce a littafi haka ne, madubi mai zurfi yana tara haske wuri ɗaya, amma nasu ƙarami ne, na nuna wa yara, kuma shi a kan teburinsa ya bar shi. Bai dubi Zuhura ba sa'ad da yake faɗa.

Illo ya tambayi Amadu ƙarfe nawa ya ga hayaƙi. Amadu ya ce sha biyu da rabi ta ɗan gota, ba a kira azahar ba.

"To ka ce masa a kai ni ajin. Zan jira ta."

"Wa?"

"Ranar."

Mudir ya ce nan lekkol ne, ba tasha ba. Illo ya riga ya kama hanya, don baƙin hayaƙi a saman taga ya nuna masa ajin. Ya shiga, ya wuce yara talatin da wani abu, ya zauna a bencin baya inda babu kowa, ya ajiye buhunsa tsakanin ƙafafu. Gwiwoyinsa ba su shiga ƙarƙashin teburin ba. Mudir ya tsaya a bakin ƙofa yana lissafi a ransa, ya ga jan ƙaton mutum a ƙasa a gaban yara wata wayar ce daga sama. Ya ce ya ba shi zuwa ƙarfe ɗaya. In ba abin da ya ƙone, ba maganar sa hannu kuma, 'yan sanda ne. Yarinyar kuwa korarriya ce, a waje za ta tsaya.

Amadu ya fassara, ya ƙara nasa: "Illo, kana da mata da ƙanana uku. Ka tuna."

"Su nake tunawa."

Awa uku ba wasa ba ne a kan bencin yara. Wata malama ta shigo ta yi nata darasin kamar babu shi a ɗakin. Yaran suka yi ta waiwaye, wata ta toshe hanci saboda warin man birki, ƙawarta ta zungure ta. Illo bai damu ba, ƙasa yake kallo. Tagar tana fuskantar kudu, labulen ya tafi, saura wayar da aka rataye shi, kuma rana ta shimfiɗa wani farin tabo a daɓe da ke matsowa a hankali. Zuhura tana jingine a bangon waje, gefen fuskarta kaɗai yake gani.

Ƙarfe goma sha ɗaya Ustaz Abdurrazak ya shigo da kwalinsa. Ya tsaya jim, ya ga ba yadda zai yi, ya ci gaba daga inda ya tsaya jiya. Ya sa yara biyu suka kare masa haske da kwali, ya kwantar da shimfiɗaɗɗen madubi a tebur, ya haska masa tocila daga gefe, ya kaɗa ƙurar alli a kai. Hasken ya fito a cikin ƙurar kamar zare, ya sauka, ya tashi ta ɗaya gefen. Ya ce yadda ya sauka a karkace haka yake tashi a karkace, ba ya ƙari ba ya ragi. Ya zana a allo.

Illo ya gyara zama. Wannan gaskiya ce, da ita yake saita fitila a bangon garaj, sai dai shi bai taɓa ganin zaren da ido ba. Saurayin nan ya san aikinsa, ya ce a ransa, rana ce bai sani ba.

Sannan ustaz ya fito da mai zurfin. Faɗinsa kamar farantin shayi, a kan 'yar ƙafa ta roba. Bai ƙone ba, gefensa ne ya yi baƙi. Ya zaga da shi layi-layi: in ka matso fuskarka ta kumbura, in ka ja baya ta juye, haɓa a sama. Yara suka yi dariya kaɗan-kaɗan, suna satar kallon Illo. Da ya zo bencin baya ya yi kamar zai wuce, sai ya tsaya. Illo ya leƙa, ya ga kansa a kife, furfurarsa a ƙasa. Ya ce da Larabcinsa na garaj, ai dama tun jiya haka yake jin kansa. Ajin ya fashe da dariya, har ustaz ya yi murmushi kafin ya tuna.

Aka kaɗa ƙararrawar sha biyu. Ba yaron da ya tashi. Mudir ya zo ya kore su, suka fita suka cika tagogin baranda.

Illo ya tube rigar sanyinsa, baƙa ce ta ulu, ita kaɗai gare shi. Ya rataye ta a wayar labule, a gefen da Amadu ya ce wutar ta fara. Ya karɓi madubin, ya tare rana da shi, ya jefa haske a kan rigar. Mudir ya ce a'a. Jiya ba wanda ya riƙe shi a hannu, ya ajiye shi ya ja baya. Illo ya ce wannan gaskiya ce.

Ya ajiye shi a teburin malam. Rana ba ta kai nan ba, kuma ko da ganin yadda tabon ke tafiya ba za ta kai ba. Ya tambayi ustaz ko nan teburin yake jiya, don masu kashe wuta sun ture komai. Ustaz ya ce bai riƙe ba. Illo ya ja teburin zuwa cikin hasken. Madubin ya kama rana, amma ƙafar robar ba ta karkata yadda yake so, hasken ya tafi can gefen bango ya baje kamar faifai. Ya matsa gaba, ya wuce rigar ya fita ta taga. Ya matsa baya, ya faɗa inuwa. Ya gwada a bencin farko, ya gwada a daɓe. Zufa ta keto masa duk da sanyin.

Ɗaya saura kwata mudir ya fito da wayarsa, ya riƙe ta a tafin hannu inda kowa zai gani. Amadu ya daina fassara, ya koma kallon takalminsa. Illo ya fara tunanin wa zai gaya wa Gwamma, da kuma ko za su bar shi ya ɗauki rigar.

Sai ga Zuhura a cikin ajin. Ba ta yi sallama ba, ba ta nemi izini ba. Mudir ya buɗe baki, ta wuce shi. Ta ɗauke madubin daga gaban ubanta, ta ja teburin yara na layin taga har ya taɓa bango, ta ɗauko babban ƙamus daga kan kabad ta kwantar, ta cire madubin daga ƙafarsa ta jingina shi a jikin ƙamus ɗin. Ta ɗan juya shi hagu da yatsa biyu, sau ɗaya. Ta ja baya, ta haɗa hannuwa.

Hasken ya hau rigar. Faɗinsa bai fi ƙwayar wake ba, fari fat, ba a iya kallon sa. Ba wanda ya yi motsi. Aka fara jin ƙauri kamar na kan rago a wuta, sannan siririn hayaƙi ya miƙe. Yaran baranda suka ɗauki ihu. Ulun ya yi ja, ya ɓule, wuta ta lasa sama. Illo ya bar ta ta ci kamar faɗin tafin hannu, don kada a ce ba a gani ba, sannan ya fizgo rigar ya take da ƙafa.

Amma ba wutar ce ta tsaya masa a rai ba. Shi, mai shekara goma sha tara a aikin, ya yi rabin awa yana lalube. Ita ba ta lalubi komai ba. Hannunta ya tafi wurin ƙamus kamar hannun wanda ya san hanya.

Mudir ma ba wawa ba ne. Ya sa madubin idonsa, ya dubi teburin, ya dubi yarinyar, ya tambaye ta yaya ta san inda za ta ajiye shi. Illo bai jira Amadu ba.

"'Yar mai fitila ce. Tun tana rarrafe take ganin wannan."

Mudir ya juya wurin ustaz, ya tambaye shi a ina doka ta ce a ajiye kayan gwaji bayan darasi. Ustaz Abdurrazak ya ce a kabad, a kulle. Ya dubi ƙamus ɗin, ya dubi Zuhura, a karo na farko tun safe. Illo ya ga ustaz ya gane. Saurayin ya ce shi ne ya bar shi a waje, yana sauri, kuma bai taɓa gaya wa yara abin da yake yi da rana ba, don inda ya fito da tocila ake darasin. Bai ambaci Zuhura ba.

Mudir ya mayar da waya aljihu. Takardar ya ninke ta huɗu ya sa a ɗaya aljihun, bai yaga ba. Ya ce yarinyar ta dawo aji ranar Lahadi, ustaz kuwa ya same shi a buro. Ya juya zai fita. Illo ya ce saura birke. Mudir ya ce wane birke. Illo ya ce na matarsa, wanda aka cire a jakar yarinya, yau da ashanar maƙwabta ta kunna gas. Amadu ya fassara yana kallon rufi. Aka aika buro aka kawo birken, Illo ya ƙyasta ya ga yana ci, sannan ya sa a aljihu.

Kafin ya fita ya ɗauki madubin daga jikin ƙamus, ya miƙa wa ustaz, fuskar tana kallon ƙasa.

Suka bi gefen busasshen rafi zuwa kasuwa, shi a gaba da buhu a kafaɗa, rigar a jikinsa da ramin a kan ƙirji, iska na shiga ta nan. Ana kiran azahar. Sun wuce masu sayar da tayoyi kafin ya yi magana, kuma bai waiwaya ba.

"Ƙamus ɗin, wa ya sa shi jiya?"

Sai da suka wuce shago biyu ta amsa.

"Ni ce, Baba."

Ta ce da kowa ya fita ta ga madubin a teburin ustaz. So take ta gano daidai wurin da fuska ke juyewa, don akwai wani wuri tsakanin kusa da nesa da ba a ganin komai. Can wurin teburin da duhu, shi ya sa ta kai shi taga. Lokacin rana ba ta iso wurin ba. Sai ta tuna Inna na jiran ta, ta fita. Ta ce da aka sami birke aka ce ita ce, ta ji tsoron in ta ambaci madubi za a ce to ga shi ta amsa.

Illo ya ce duk wannan ya ji, kuma ba wanda zai ƙara ji, ko uwarta. Wanda ya bar wa yara wuta a kan tebur ya riga ya amsa nasa. Abu ɗaya ne bai gane ba. A gidansa ta tashi. Ko murfin tukunya ta wanke kifewa take yi. Me ya hana ta kife wannan?

"Na so in kife," in ji ta. "Ustaz ne ya ce kada kowa ya kife shi. Ya ce fuskar tana karcewa."

Illo ya yi tafiya kaɗan yana juya maganar. Ita ma gaskiya ce, ya sha ganin kwanon da yashi ya ci.

A garaj ya sauke buhun a kan benci, ya zaro kwanon fitilar. Ya jawo wani tsohon tsumma mai laushi daga ƙarƙashin bencin, ya kakkaɓe, ya shimfiɗa, ya kife kwanon a kai. Ya ɗauko wani tsumman, ya duba ba yashi a jiki, ya ninke, ya miƙa mata.

"Ranar Lahadi ki kai wa ustaz ɗinku. Ki ce in ji ni."